Posto a Akwatin Jhumur

Tun da aka fara shirin tafiyar 'yarsa Jhumur, Nirapada ya lura rabonsa na posto ya ƙaru a faranti. Bai yi ƙorafi ba. A garinsu Bishnupur in an ce abincin rana, to shinkafa ce da dankali da posto, 'yan ƙwayoyin nan farare da ba su kai riɗi girma ba. A niƙa su a dutse da koren barkono har su yi laushi, a dafa da dankali, mutum ya ci ya miƙe a tabarma, barci ya zo da kansa ba sai an kira shi ba. Da zarar mahaifiyarsa ta juya baya za ta ɗauko ruwa, sai Jhumur ta turo masa nata.

"Ci, Baba, ni na ƙoshi."

"Uwata, ke da ake faɗa da ke a kan kankare tukunya?"

"Ci dai, kafin Thakuma ta waigo."

Thakuma shi ne sunan da take kiran kakarta da shi, tsohuwar da ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta. Shi kuwa Nirapada, duk da furfurar da ta cika masa kai, har yau Khoka tsohuwar take ce masa, wato ɗan yaro, ko da a gaban masu kawo masa gyaran keke ne.

Jhumur nas ce, kuma ta samu aiki a wani asibiti a Singafo. Ranar tafiya, jirgin ƙasan da zai kai ta Kolkata sai da la'asar zai tashi. An ɗaure akwati tun jiya, gidan ya yi wani iri, Nirapada ya rasa inda zai sa kansa. Sai ya fita kamar zai buɗe shago, amma ya zarce rumfar shayin Potla da ke jikin shagon.

Ya tarar da mutanen kullum. Ga Malam Bhabatosh, tsohon malamin makaranta, ya baje jarida a cinya. Ga Gopen, wanda ya yi kuku a jiragen ruwa har ƙafarsa ta fara ciwo, mutumin da ba a ambaci wata ƙasa a gabansa bai ce ya taɓa sayen albasa a can ba.

"Ga uban 'yar ƙasar waje!" in ji Gopen. "Potla, zuba masa mai madara, yau shi zai biya wa kowa."

"Zauna, Nirapada, maganarku muke yi," in ji Malam Bhabatosh. "Na ce wa wannan mai soya albasar, 'yarka ta iya zaɓe. Mutanen can suna daɗewa a duniya, haihuwa lafiya, jarirai ba sa mutuwa kamar namu. Da Amurka ta nufa, da na hana."

"Amurka fa, Malam? Ba su suka fi kowa kuɗi ba?" in ji Potla yana tace shayi.

"Sun fi kowa kashe kuɗi a kan magani, amma ba su fi kowa tsawon rai ba. Ka je asibiti da ciwon ciki, ka fito da ciwon zuciya saboda abin da za a ce ka biya. Kuma a wasu jihohinsu har yau ana kashe mai laifi."

"Da allura," in ji Gopen. "Allurar da talaka bai samu ba yana kwance, ita ce kyauta ranar ƙarshe."

Aka yi dariya. Potla ya ce to ai gara Ingila, ɗan ƙanwarsa ya ce can asibiti ba a biya.

"Ba a biya, amma akwai layi," in ji Gopen. "Na kai haƙorina a wata tasha, suka ce in dawo watan gobe. Na ce jirgina jibi zai tashi. Haƙorin da kaina na cire shi a tsakiyar teku."

"Ƙarya kake, a nan ya faɗi kana cin rake, ina wurin," in ji Malam Bhabatosh. "Amma dai Turai sun daina rataya, kuma ba su fi kowa yawan masu kisan kai ba. Shi ya sa nake cewa, ƙasar da ta san darajar rai a asibiti, ita ce ke sanin darajarsa a kotu."

"To Japan fa?" Gopen ya ɗaga yatsa. "Ina za ka sa su? Tsofaffinsu har gajiya suke yi da rayuwa, ga asibiti kamar ɗakin amarya, kuma suna rataya. Ka ga lissafinka ya karye, Malam."

Malam Bhabatosh ya gyara tabarau ya ce Japan daban ce. Gopen ya ce kullum in an kama shi sai ya ce daban ce. Nirapada yana ta kurɓar shayinsa yana murmushi, don daɗin hirar nan shi ne ba ta taɓa ƙarewa, kuma ba ta taɓa shafar kowa ba.

"Ita ma Singafon ai daban ce ke nan," in ji Gopen. "Asibiti tsaf, titi tsaf, igiya ma tsaf. A kama ka da kayan maye, shi ke nan. Ko posto ba a shiga da shi."

Nirapada ya sauke kofi. "Wane posto?"

"Wanda kake ci har ka yi tumbi. Ba daga tsiron da ake fitar da ƙwayar maye yake ba? Su a wurinsu duk ɗaya ne. Karnuka gare su a filin jirgi, masu hanci kamar na surukuwa."

"Malam, gaskiya ne?"

"Daga tsiro ɗaya suke, wannan gaskiya ne. An hana shiga da shi, shi ma na karanta. Maganar igiya kuwa, ka san Gopen."

Amma Nirapada bai ji ƙarshen ba. Abin da ya faɗo masa shi ne maganar mahaifiyarsa ta shekaranjiya, tana shafa cikinta tana cewa, "Kada ka damu da abincin yarinyar nan a can, na gama da wannan." Ya kuma tuna buhun poston da aka sayo kwanan baya, wanda ya rame da sauri fiye da yadda mutum uku za su iya ci. Ya miƙe ya hau keken wani da aka kawo gyara, bai tuna ba shi da birki ba sai da ya kai kwanar gidansu, inda katangar maƙwabci ta tsayar da shi.

Ya tarar da Jhumur a tsakar gida tana taje kai, Thakuma kuma tana zaune a bakin ɗakin girki tana fere dankali.

"Uwata, ashe rataye mutane suke yi a kan posto?"

Jhumur ta tsaya da taje kan. "Wa ya faɗa maka? Kawu Gopen ko?"

"Ki ba ni amsa!"

"Baba, zauna, ka ga gwiwarka ta goge. Ba a rataye kowa a kan posto. Masu fataucin kayan maye ake yi wa wannan. Amma an hana, in aka gani a kayana za su ƙwace, su tsare ni da tambayoyi, kuma asibitin zai iya cewa ba ya son nas ɗin da ta fara da ofishin 'yan sanda. Shi ya sa ma na daina ci, don yana iya fitowa a gwajin fitsari."

"Au, shi ne kike ta ɗura mini? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kai da ba ka barci in na yi tari? Da na faɗa, da ka yaga takardun. Na dai gaya wa Thakuma kada ta sa mini ko ƙwaya ɗaya."

Su biyun suka juya suka kalli tsohuwar. Ita kuwa ta duƙufa a kan dankalinta kamar ba a taɓa fere dankali mai wuya irin wannan ba.

"Ma," in ji Nirapada a hankali. "Kin sa?"

"Na sa me?"

"Ma."

"Kai Khoka, ka shigo kana haki kamar an koro ka, ko gaisuwa babu. Ƙasar da ke tsoron abin miya, wannan ƙasa ce? Cewa ta yi kaya za su yi nauyi."

"Na ce nauyi, na kuma ce an hana, Thakuma!"

"Kunnen nan na hagu ba ya ji, kin sani."

Nirapada ya jawo akwatin zuwa tsakar gida ya kwance igiyar da ya sha wahalar ɗaurewa jiya. Ba su yi nisa da bincike ba. Jhumur ta ɗauki gwangwanin hoda ta girgiza, ta ji yana wani shuu, ta buɗe, ga posto fal. Safa guda biyu da aka naɗe sun yi nauyin da safa ba ta yi. Kwalbar ruwan zafi da Malam Bhabatosh ya ba ta kyauta, ita ma an cika ta har wuya. Jhumur tana fitarwa tana dariya har da hawaye, shi kuwa Nirapada gumi kawai yake sharewa.

"Thakuma, har a cikin takalmin aikina?"

"Na sa leda. Ni ƙazama ce?"

Hayaniyar ta jawo Gopen da Malam Bhabatosh, waɗanda dama sun biyo sawu don su ga inda keke marar birki zai ƙare. Suka tsaya a ƙofa, Gopen ya leƙa kwanon da ake tara abin a ciki ya kama baki.

"Inna, wannan ai igiya uku ce."

"Rufe mana baki, mai haƙorin rake," in ji Thakuma. Ta ajiye wuƙa ta nuna Malam Bhabatosh. "Kai mai jarida, zo nan. An ce mutanen can suna daɗewa. Shekara nawa?"

"Sukan haura tamanin, Inna."

"Tamanin! Ni na wuce nan tun kafin a yi wa titin nan kwalta. Asibiti sau ɗaya na shiga, shi ma dubiya na je. Da me na kai? Da posto. Yarinya za ta je ta tsaya a kan marasa lafiyarsu dare da rana, ta wanke su, ta juya su, su daɗe, ita kuma ta dawo mini kamar sandar rake? In suna da hankali su za su roƙe ta ta kawo musu."

Nirapada ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi hannunta a kan kwanon dankali, ya gane ba rigima ce kawai ba. Tun Jhumur ba ta iya zama ba wannan hannun ke ba ta abinci a baki. Yanzu an ce za ta tafi inda hannun ba zai kai ba.

Suka gama zazzage komai, suka kakkaɓe, suka goge akwatin da tsumma mai ruwa. Rana ta take tsaka. Jhumur ta fara mayar da kaya, ta ɗauko bargon da Thakuma ta ɗinka mata da hannu daga tsofaffin zannuwa, mai zanen kifaye ja da shuɗi, wanda ta yi wata da watanni tana yi a bakin taga. Ta shinfiɗa shi a sama za ta rufe.

"Shi ke nan, Baba, an gama."

"Ma, saura?" in ji Nirapada.

"Kun kwashe duka, 'yan fashi."

Ta faɗa da sauri, kuma ba ta kalle shi ba. Ya san mahaifiyarsa. Za ta iya yi wa mai kifi ƙarya, ta yi wa likita, ta yi wa mai karɓar kuɗin wuta. Amma akwai abu guda da ba za ta taɓa yi ba, ita da duk wata tsohuwa a garin. Ya kamo hannun Jhumur ya durƙusar da ita a gaban kakarta, sannan ya ɗauki hannun tsohuwar zai ɗora a kan yarinyar.

"Dafa kanta ki ce babu saura."

Thakuma ta fizge hannunta kamar ta taɓa garwashi. "Khoka! Ba ka da kunya? A kan jikata za ka sa ni rantsuwa, ranar tafiyarta?"

"In babu saura, me zai same ta? Dafa, Ma."

Kowa ya san wanda ya dafa kan ɗa ya yi ƙarya, a kan ɗan abin yake sauka. Thakuma ta ɓoye hannayenta biyu a cikin zane, ta kalli sama, ta kalli kwanon, ta kalli akwatin. Can ta yi tsaki.

"Miƙo mini bargon. Da almakashi."

Ashe gefen bargon duka, zagaye, ta naɗe shi kamar hanji ta cika da posto, ta bi da ɗinki ƙanana yadda ba mai ganewa. Da ta farke kusurwa ɗaya sai ga shi yana zuba a kwano kamar yashi, ba ya tsayawa.

"Tabɗi!" in ji Gopen. "Inna, da ke muka ɗauka a jirgi, da yanzu ina da bene."

"Wannan ne na ainihi," in ji ta, ba ta ko kalle shi ba. "Na gwangwani da na safa don ku samu abin kamawa ne ku ƙyale ni."

Jhumur ta rungume ta ta baya tana dariya. Amma da aka gama zazzagewa ta duba cikin ɗinkin, sai dariyar ta ɗauke. Ƙwayoyin sun maƙale a kowane zare. Sai an farke shi duka an wanke, kuma ba zai bushe kafin la'asar ba.

"Thakuma, ba zan iya tafiya da shi ba."

Tsohuwar ta riƙe bargon a cinya tana shafa kifayen. Nirapada ya fara tunanin ko da bai tsananta ba. Ya buɗe baki zai ce zai aika mata daga baya, sai Thakuma ta dafa bango ta miƙe ta shige ɗakinta. Ta fito da nata bargon, wanda take rufa da shi tun Nirapada yana yaro, ya koɗe har ba a gane launinsa, ya yi laushi kamar auduga.

"Ungo. Ba shi da kifi, amma ya san aikinsa. Wancan ni zan rufa da shi har ki dawo ki karɓa." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ɗan sanda, kawo kan nata."

Ta ɗora tafinta a tsakiyar kan Jhumur, ta danna sosai. "Babu ko ƙwaya ɗaya a wannan, babu a akwati, babu a jikinta. Ka ji daɗi?" Ba ta ɗauke hannun nan da nan ba. Ta bar shi a wurin tana motsa baki, kowa ya kau da kai ya ba ta wuri.

Gopen ne ya gyara murya. Ya ce a jirgi in kwaɗayi ya taso musu, farin riɗi yake jiƙawa ya niƙa da 'ya'yan kashu, ya dafa da dankali, kuma in mutum ya rufe ido zai rantse posto ne.

"Sai dai in ya rufe har da baki," in ji Thakuma. "Riɗin an hana shi?"

"Ba a hana ba," in ji Jhumur. "Akwai shi ma a can."

"To taso, 'yar ƙasar waje. Kafin jirgi ya zo sai na ga kin niƙa da hannunki. In za a ci abincin ƙarya, a ci wanda aka iya dafawa. Khoka, je ka sayo riɗi, kuma da ƙafa, katangar mutane ta huta."

Ranar tukunya biyu aka ɗora. Ƙarama ta riɗi, ta Jhumur ita kaɗai, wadda Thakuma ta ɗanɗana ta yatsine fuska ta ce da sauran gishiri, sannan ta sake ɗanɗanawa. Babbar kuwa ta posto ce, daga abin da aka kama, aka aika wa Potla da maƙwabcin mai katanga, Gopen da Malam Bhabatosh suka zauna a baranda suka ci har suka daina musu.

Da la'asar Nirapada ya ɗora akwatin a keke mai ƙafa uku, su ukun suka nufi tasha. Ya ɗaure igiyar da kansa, kuma tun daga gida hannunsa bai bar kanta ba, don ya ga yadda mahaifiyarsa ke kallon aljihun gefen akwatin. Jirgi ya zo, Jhumur ta duƙa ta taɓa ƙafar kakarta da tasa, ta hau, ta leƙo ta taga da tsohon bargon a kafaɗa.

"Baba, ka rage posto, tumbin ya isa haka!"

"Wa ya ja mini?" ya ɗaga murya, yana dariya yana share ido.

A hanyar komawa Thakuma ta bari har suka wuce kasuwa. Sannan ta taɓo shi da gwiwar hannu.

"Khoka, mai jaridar nan ya ce suna haura tamanin a can?"

"Haka ya ce, Ma."

"Ba posto?"

"Ba posto."

Ta girgiza kai cike da tausayi. "To ai an riga an hukunta su. Igiyar ta mece ce kuma?"